Kogin Madison: Da Ƙafa Za Ka Shiga, Ko Kwalekwale Za Ka Biya?

Wanda duk ya fara sha'awar kamun kifi da ƙwaron bogi, wato irin fatsar da ake ɗaura wa ƙugiya gashin tsuntsu da zare don ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci, ba zai jima ba zai ji sunan Madison. Kogin yana farawa ne a cikin gandun Yellowstone na Amurka, inda kogunan Firehole da Gibbon suka haɗu, ya ratsa duwatsun jihar Montana, tsawonsa duka kusan kilomita 295, sannan ya tarar da Jefferson da Gallatin a Three Forks su zama Missouri. Kifinsa tirawut ne, mai launin bakan gizo da mai ruwan ƙasa, kuma ba na kiwo ba ne. Tun 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta, bayan binciken da Dick Vincent ya yi a wannan kogi ya nuna cewa zubawar rage na daji take yi.

Tambayar da ke gaban mai niyyar zuwa ita ce inda zai sa kuɗinsa. Ra'ayina a taƙaice: shiga ruwan nan kusan kyauta ne, sanin inda kifi yake shi ne mai tsada, don haka can ya kamata kuɗin ya tafi.

Dalilin da ya sa shigar ke da araha doka ce. A 1985 Montana ta kafa dokar da ta bai wa kowa damar amfani da kogi har zuwa iyakar da ruwa ya saba kaiwa idan ya cika, ko da gonar da ke gefe ta wani attajiri ce. Sharaɗin kawai ka shiga ta halastacciyar hanya, ko ta gadar gwamnati ko ta mashigan da hukumar kifi da namun daji ta jihar ta tanada, kada ka tsallaka shingen mutum. Da zarar ƙafarka ta taɓa ruwa, kana iya bin kogin sama ko ƙasa iyakar ƙarfinka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a maƙwabciyarta Wyoming mai gona shi ke da ƙasan kogin. Kana iya wucewa a kwalekwale, amma idan ka sauka ka taka ƙasa ka yi kutse.

Zaɓi na farko ke nan, ka yi hayar mota daga birnin Bozeman na Montana, tafiyar kamar awa ɗaya zuwa garin Ennis, ka sayi lasisi, ka shiga da ƙafarka. Baƙo yana buƙatar lasisin kamun kifi na jiha, da na kiyaye muhalli, da wata takardar yaƙi da baƙin halittun ruwa, duk ana sayensu ta intanet ko a shagunan kayan kamun kifi. Wurin da ya fi dacewa da mai ƙafa shi ne daga bakin tafkin Quake zuwa gadar Lyons, inda aka hana jefa ƙugiya daga cikin kwalekwale. Tafkin kansa girgizar ƙasar watan Agustan 1959 ce ta haifar da shi, lokacin da gefen dutse ya zaftaro ya toshe kogin, mutum 28 suka rasu. A ƙasansa ne mashigan Raynolds Pass da Three Dollar Bridge suke, ruwa mai gudu cike da manyan duwatsu, kifi na fakewa a bayan kowane ɗaya.

Amma a faɗi gaskiya, wannan ruwan ba na ɗan koyo ba ne. Duwatsun ƙasansa mulmulallu ne masu santsi, ga ƙarfin ruwa, ga iskar da ke kaɗawa a kwarin da rana, tana mayar maka da igiya a fuska. Kifin wurin kuma ya ga ƙwaron bogi iri-iri har ya gaji. Mutum na iya wuni cur yana jifa bai ji ko motsi ba, alhali wani yana taku goma daga gare shi yana ta kamawa, saboda ya san zurfin da zai sa ƙwaron ya bi. Wanda ya riga ya iya jifa zai more wannan zaɓi. Wanda bai iya ba, arahar tasa ta zama asarar tikitin jirgi.

Na biyu shi ne kwalekwale da ɗan jagora, kuma shi nake ba sabon shiga shawara, ko da na rana ɗaya ne. Daga gadar Lyons zuwa Ennis kogin shimfiɗe yake yana gudu ba tsayawa, babu manyan gurabe masu zurfi, wanda bai saba ba sai ya ga ko'ina iri ɗaya. Ɗan jagora yana zaune a tsakiya yana tuƙi, mutum biyu suna jifa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Shi zai ɗaura maka ƙwaro, ya ce jefa can gindin bakin ruwa, ya warware maka igiya idan ta harɗe, kuma za ta harɗe. A wuni ɗaya za ku ratsa ruwan da mai ƙafa ba zai gama a mako ba. Kuɗin wuni a yanzu ya haura dala 500, kuma na kwalekwalen ne gaba ɗaya, saboda haka idan kun je ku biyu kun raba nauyi. Yawanci sanda da ƙwari da abincin rana suna ciki, lasisi ba ya ciki, sannan al'adarsu ce a ba ɗan jagora tukuici bayan an sauka. Tun wajen biyan kuɗin ajiya ka gaya musu ba ka cin naman alade, don abincin ranar galibi burodi ne da yankakken nama.

Aibinsa guda: kwalekwale ba ya jira. Wurin da ka kuskure ya wuce ke nan, kuma a tsakiyar bazara za ku riƙa jerawa da wasu kwalekwalen kamar layin mai. Wanda burinsa ya koya don ya riƙa zuwa shi kaɗai, gara ya nemi ɗan jagoran da za su shiga da ƙafa tare. Kuɗin kusan ɗaya ne, kifin da za a kama ya fi kaɗan, amma darasin ya fi zama.

Akwai masaukai na musamman da ke haɗa ɗaki da abinci da jagora a farashi guda. Suna da daɗi, sai dai ba su da wani kogi na daban. Ruwan da kowa ke shiga shi za su kai ka.

Cikin gandun Yellowstone kuma wata duniya ce. Lasisin Montana ba ya aiki a can, sai ka sayi izinin gandun. Dole ƙugiya ta zama marar ƙaya, ba a amfani da dalma, kuma tun 2018 an hana takalmin shiga ruwa mai tafin ulu saboda yana ɗauko cututtuka daga wani kogi zuwa wani. Idan za ka sayi takalmi, sayi mai tafin roba, ya yi maka aiki ciki da waje. Ruwan nan ya fi kwanciya, ɓauna na kiwo a gefe, amma da yake Firehole na kwaso ruwan maɓuɓɓugai masu zafi, yakan ɗumame a tsakiyar bazara. Lokacinsa Yuni ne, sai kuma Satumba da Oktoba, sa'ad da manyan kifaye ke haurowa daga tafkin Hebgen. Ƙasar beyar ce, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, ka riƙe feshin korarta a ƙugu, ba a cikin jaka ba.

Lokacin zuwa ya fi komai canza lissafi. Daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni ƙanƙarar duwatsu na narkewa, ruwa ya cika ya gurɓace. Ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli ne wani ƙaton ƙwaro mai tsawon ɗan yatsa ke fitowa, kifi ya haukace, mutane ma haka, sai ka kama ɗan jagora tun watanni kafin nan. A Agusta kuma, idan zafin ruwa ya kai kusan digiri 23 a ma'aunin Celsius kwana uku a jere, hukuma kan hana kamun kifi daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare, musamman a ƙasan tafkin Ennis, domin kifin da aka kama a ruwan ɗumi yakan mutu ko an sake shi. Kuma sakin ake yi. Kusan kowa a nan kamawa yake ya mayar, abin da masuncinmu zai ji ya riƙe baki. Satumba ce ta fi min: jama'a sun ragu, ruwa ya huce.

Game da kaya, kada ka sayi sanda mai tsada kafin tafiyar farko. Shagunan Ennis da West Yellowstone suna ba da hayar sanda da wandon shiga ruwa. Idan dole sai ka saya, mai tsawon ƙafa 9, lamba 6 (lambar nauyin igiyar da take jefawa ke nan), ta fi lamba 5 jure iskar kwarin. Abin da za ka taho da naka shi ne tabarau mai kashe ƙyallin ruwa da hula, don ƙugiyar da iska ta karkatar ba ta san ido ba.