Kit ɗin wanke fulogin ƙaramin jirgi: wasu kayan ciki sun yi, wasu sai a hankali

Masu ƙananan jirage irin su Cessna 172 da Piper Cherokee, da bakanikan da ke kula da su, wannan naku ne. Kit ne na wanke fulogi da saita shi, irin wanda ake sayarwa a haɗe cikin akwati ɗaya, kuma na jima ina aiki da shi a kan injin Lycoming O-320, silinda 4, fulogi 8 kenan tunda kowace silinda biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, magnito biyu, wato na'urorin da ke haifar da wutar tartsatsi, na raba musu wuta. Gaskiya kit ɗin ya biya kuɗinsa, amma fa ba abin da mutane suka fi yabo a cikinsa ne ya fi amfani ba, asali ma shi ne abin da na fi jin tsoro a hannun sabon shiga.

Abin da ke ciki: tire mai ramuka da lambobi, sokit mai zurfi 7/8, ma'aunin rata na waya (rata ita ce tazarar da tartsatsi ke tsallakawa tsakanin tsinken tsakiyar fulogi da haƙoran gefensa, su ne bakin wuta), ƙarfen matse rata, ɗan injin karkarwa mai tsinke a baki, akwatin feshi da ake jonawa da kwamfiresa, 'yar kwalbar man zare, sai washa na tagulla 'yan kaɗan.

Wanda ya saba da fulogin mota zai ce wai duk wannan kayan na mene ne, ai mota sai ta yi shekaru ba a taɓa fuloginta ba. To man jirgin ne daban. Avgas 100LL har yau da dalma a cikinsa, ana sa ta ne don kar inji ya riƙa buga ƙwanƙwasa idan an ba shi wuta sosai, kuma akwai sinadarin da ake haɗawa da man don ya kwashe dalmar ta fita ta salansa, sai dai shi wannan sinadarin ba ya aiki sai cikin silinda ya yi zafi sosai, don haka duk lokacin da ka daɗe a ƙasa inji na silo da maɓallin haɗin mai da iska a cike, dalmar nan taruwa take yi tana zama 'yan ƙwallaye masu tauri a can cikin fulogi, musamman na ƙasa, har wata rana ta haɗa bakin wuta biyu, ka zo gwajin magnito kafin tashi ka murɗa makulli zuwa magnito ɗaya ka ji inji na jijjiga RPM, wato juyin inji a minti, ya faɗi fiye da abin da littafin jirgin ya yarda. Shi ya sa ake cire su duk awa 100 ko lokacin binciken shekara, wasu ma duk sanda suka canza baƙin mai idan injinsu mai yawan tara dalma ne.

Tiren nan da ba wanda yake kallo, wallahi shi ne sarkin akwatin. Kana cire fulogi kana ajiye shi a raminsa, 1 sama, 1 ƙasa, haka har ƙarshe, kafin ka wanke komai sai ka tsaya ka dube su a jere, nan za ka karanta lafiyar injin gaba ɗaya. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka a bushe, lafiya lau. Baƙi ƙirin mai kama da zunzurutun hayaƙi, mai ya yi yawa. Jiƙe da baƙin mai, idan na ƙasa ne kaɗai ɗan kaɗan ba abin tashin hankali ba ne, amma idan sama da ƙasa na silinda ɗaya duk sun jiƙe to wannan silindar tana da magana, ko ringi ko wajen bawul, a kira bakanike ya auna ta. In ka zube su wuri ɗaya a kan benci ka rasa wannan labarin duka.

Kuma da tiren ake juya musu wuri. Wutar magnito tana canza fuska ne daga tartsatsi zuwa na gaba, a inji mai silinda 4 kuwa wannan na nufin kowane fulogi kullum fuska ɗaya yake samu, shi ya sa za ka ga wani tsinken tsakiyarsa ke cinyewa wani kuma haƙoran gefe. Sai a musanya: na silinda 1 da na 4, na 2 da na 3, na sama ya koma ƙasa na ƙasa ya hau sama. Cin ya daidaita, dalmar ma ta rabu a tsakaninsu, fulogi ya ƙara kwana. Ƙorafina ɗaya da tiren, lambobin fenti ne kawai ba a huda su a jiki ba, mai na taɓa su suna gogewa, da sun buga su a ƙarfen da ya fi.

Injin karkarwar ya yi. Shi ke farfasa ƙwallayen dalmar da suka maƙale can ƙasa tsakanin farin tangaran da bangon ƙarfe, ka sa tsinken a hankali kana zagayawa, ka kifa fulogin su zubo. Kar dai ka yi lankwasa da shi kana dannawa a jikin tangaran ɗin, ya tsage shi kenan. Hannunsa na yin zafi idan an daɗe, ƙararsa kuma ba daɗi, amma aikinsa yana yi.

To ga inda na ce a yi hankali, akwatin feshi. Shi ne kowa ke ɗauka a bidiyo saboda fulogi na shiga baƙi ya fito fes kamar sabo, daɗin kallo. Matsalar ita ce garin da yake fesawa ba datti kaɗai yake ci ba, yana cin bakin wutar kansa yana kuma goge santsin tangaran, kuma tangaran ɗin da ya yi kaushi shi ya fi saurin kama sabon datti. Daƙiƙa kaɗan sun isa, kana juya fulogin, bayan ka riga ka cire dalmar da tsinke, ba wai ka sa shi ka yi ta fesawa sai ya yi ƙyalli ba. Garin da aka yi don wannan aiki za ka sa, ba yashin gini ba, ba ƙwayar gilashi ba, sannan bayan ka gama ka hura iska mai tsabta sosai ka haska tocila ka duba, don duk ƙwayar da ta rage a ciki silinda za ta faɗa. Masu fulogin iridiyum mai siririyar waya kuwa ni shawarata ku nisanta shi da wannan akwatin sai dai in kun bi abin da kamfanin fulogin ya rubuta daki-daki, tsadarsu ta wuce a yi gwaji da su. Na wannan kit ɗin ma robar bakinsa ba ta kamawa da kyau, ƙura na fitowa ta gefe, kuma ƙurar nan da dalma a cikinta, guba ce, sai da takunkumi da safar hannu da tabarau, a wanke hannu kafin a ci komai. Buroshin waya na inji shi ma kar ya kusanci bakin wuta.

Ma'aunin rata da ƙarfen matsewa babu laifi ko kaɗan. Yawancin fulogi masu kaurin haƙori irin REM40E ratarsu tsakanin inci 0.016 zuwa 0.021 take, kuma da aiki buɗewa take yi, idan ta yi faɗi magnito ya sha wahala inji ya riƙa gardamar tashi. Ka matsa kaɗan, ka saki, ka auna, ka sake. Abu biyu da takardar cikin akwatin ba ta faɗa da ƙarfi ba alhali su ne muhimmai: kar ka matsa alhali wayar ma'aunin na cikin ratar, ƙarfin zai wuce kan tsinken tsakiya ya fasa tangaran, kuma idan ka matse ta wuce kima buɗe ta baya haɗari ne ga fulogin, gara ka tafi sannu tun farko.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne abin da babu a ciki. Ba ma'aunin juriyar wuta. A cikin fulogin jirgi akwai ɗan resista, wato abin da ke taƙaita wutar da ke wucewa, kuma fulogi zai iya yin kyau a ido, rata daidai, amma resistan ya lalace wuta ba ta wucewa yadda ya kamata. Kamfanin Tempest mai ƙera fulogin jirgi ya ce duk wanda ya haura ohm 5,000 a cire shi daga aiki, suna ma da 'yar na'urarsu ta gwada wannan, amma mita ta masu gyaran lantarki ita ma tana yi. Ta yaya za a haɗa kit har da akwatin feshi a bar wannan? Haka sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ita ma sai ka nemo taka, kuma ba a yin aikin nan ba ita. Lycoming na cewa fam-ƙafa 35, Continental, wani kamfanin injin jirgi, 25 zuwa 30, kan silinda kuwa alminiyum ne, ɗaurin ƙarfin tuwo zai jawo maka aikin da ya fi kuɗin fulogin nesa ba kusa ba. Ka fara ɗaurawa da yatsu har ya kusa zama, in ya ƙi shiga da hannu ka tsaya ka duba zaren, kar ka tilasta.

Washan tagullar da suka sa ba su isa zagaye biyu ba, ka sayi naka da yawa. Ana iya ƙona tsoho ya yi ja ya koma laushi, amma sabo ya fi kwanciyar hankali. Man zaren ɗan kaɗan ake shafawa, a bar zaren farko na wajen bakin wuta ba a taɓa ba, don yana ɗaukar lantarki, in ya gangara kan bakin wutar fulogin ya daina tartsatsi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ramin da waya ke shiga, a goge shi tas a bushe, kar a taɓa kan wayar da hannu mai maiƙo, a riƙe wayar lokacin kwance noti don kar ta murɗe.

Fulogin da ya faɗi ƙasa kan siminti an gama da shi, ko da ba ka ga tsaga ba, a jefar. Wanda bakin wutarsa ya cinye ya kai rabin girmansa na asali shi ma haka, wanki ba ya dawo da ƙarfen da ya tafi. Kafin komai kuma makulli a kashe a cire, farfela a ɗauke ta tamkar za ta iya tashi kowane lokaci.

Batun izini, a Amurka dokar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, sashe na 43, ta yarda matuƙi mai lasisi ya wanke fulogin jirginsa na kansa ya saita rata ya canza, muddin ba jirgin haya ba ne, ya kuma rubuta a littafin inji ya sa hannu. Kowace ƙasa da tata hukumar, ka san abin da taka ta ce, kuma karon farko ka yi shi a gaban bakanike mai lasisi.

Zan ba mai jirgi shawarar ya saya? E, in zai ƙara mita da sifanar awo a kai, ya kuma riƙe hannunsa wajen feshi. In kuɗi sun yi kaɗan ma a sayi tire da sokit da kayan rata da tsinke daban-daban a bar akwatin feshin, ba a yi asarar komai ba. Wanda kuma fuloginsa na ƙasa ke cika da dalma tun kafin lokacin cirewa ya yi, ba kit ne zai warware masa ba, ya riƙa jan maɓallin haɗin mai da iska baya sosai don rage mai yana tafiya a ƙasa, ya bar inji wajen RPM 1,000 zuwa 1,200 maimakon silo can ƙasa, ya mayar da man yadda littafin jirgin ya ce kafin tashi, sannan ya tambayi bakanikensa ko an amince wa injinsa fulogi mai dogon baki irin REM37BY, wanda aka yi shi musamman don injinan da ke fama da dalma.