Tayar baya mai manyan haƙora, 3.00-17: wa ta dace da shi, wa za ta ci wa kuɗi

Tayar nan mai haƙora kamar na galma ta cika shagunan kayan babur a Sakkwato, kuma masu sayarwa suna cewa da ita babu inda Boxer ba zai shiga ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta ce kawai. Taya ce mai kyau ga wanda aka yi ta dominsa.

A laka take nuna kanta. Wanda ke bin gefen fadamar Rima da damina, ko mai ɗauko albasa daga gonakin Wurno da Goronyo bayan an yi ban ruwa, zai ga bambanci tun ranar farko. Tazarar da ke tsakanin haƙoran tana da faɗi, don haka duk juyi ɗaya tayar na watsar da taɓon da ta kwasa, ta sake cizon ƙasa da baki mai tsabta. Tayar kwalta kuwa zanenta ƙanana ne, taɓo ya cike su nan take, ta koma sumul kamar ƙwarya, tana juyawa wuri ɗaya kuloci yana ƙonewa. A nan ba ni da abin kushe ta.

Rairayi kuma labarinsa daban ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. A yashi mai zurfi, irin na hanyoyin ƙauyukan Gwadabawa da Illela da rani, abin da kake nema shi ne tayar ta zauna a kan yashin, kada ta nutse. Haƙora kaɗai ba sa yin wannan. In iska ta yi mata yawa, haƙoran ma rami za su haƙa maka, ka ga babur ya binne har kaca. A Kanada, masu hawan babur ɗin ƙanƙara, wanda ke tafiya a kan bel mai faɗi maimakon taya, sun daɗe da sanin wannan lissafi: gajeren bel na hanyar da aka daddaɓe ne, dogo kuma na ƙanƙara mai laushi da zurfi, saboda dogon bel yana baza nauyi, sai dai yana da wuyar shan kwana. Mu ba mu da bel, amma rage iska yana tsawaita wurin da taya ke taka ƙasa, aikin ɗaya ne.

A kwalta, tayar bayan Boxer tana son iska psi 28 (psi shi ne ma'aunin iskar taya) in kai kaɗai ne, 32 in da goyo ko kaya. In za ka shiga yashi mai nisa ba da kaya mai nauyi ba, sauke ta zuwa 20 ko 18. Kada ka yi ƙasa da 15. Wilin Boxer ba shi da abin da ke riƙe taya, to in iska ta yi kaɗan ka murɗa wuta, tayar na zamewa a kan wili ta ja tub, bawul ya tsinke daga gindinsa, wanda babu mai facin da zai iya gyara shi. Duba bawul ɗinka: in ka ga ya karkata maimakon ya tsaya cak, tayar ta fara tafiya ke nan. Da ka fito burji mai tsakuwa, nemi mai faci a mayar da iska, in ba haka ba dutse ɗaya zai matse tub da bakin wili, ya bar maka huda biyu jere kamar saran maciji. A riƙa gwada iskar da safe kafin tafiya, domin a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, taya mai zafi awonta ƙarya ne.

Ga ɗan kabu-kabun da yininsa tsakanin Kwannawa, tsohuwar kasuwa da hanyar jami'a yake, shawarata ya bar ta a shago. A kwalta tana gurnani, tana ƙara shan mai, haƙoran tsakiya su suɗe da wuri su bar na gefe tsaye, sannan burki ba ya kamawa sosai, musamman in yayyafi ya jiƙa hanya, saboda robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. Mai matsakaicin zane ta fi masa.

Wasu na tsallakawa daga taya lamba 3.00 zuwa 3.50 wai don faɗi. Wilin siriri ne, yana matse ta ta yi tulu, faɗin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi a banza, ga shi tana gugar murfin kaca, laka kuma ta cushe ƙarƙashin madigadi har taya ta ƙi juyawa. Da wannan kuɗin gara a canza faifan kaca na baya. Misali, in na gaba haƙori 14 ne na baya 42, komawa 45 yana ƙara ƙarfin ja da kusan kashi 7 cikin ɗari, gudu ya ragu da kwatankwacin haka. Kacar lamba 428 ce, za ta iya neman ƙarin gaɓa biyu, kuma a bar mata sassauci na milimita 25 zuwa 30. Baƙin mai da yawa a kaca cikin yashi yana zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye faifan cikin ɗan lokaci. A wanke da kananzir, a ɗiga kaɗan, a goge saura.

Wajen saye, juya tayar ka nemi lambobi huɗu a gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 1224 na nufin mako na 12 na 2024. Wadda ta haura shekara biyar a ajiye, ko ka lanƙwasa haƙori ka ga tsaga a gindinsa, mayar wa mai shago da abarsa, irinta ce ke zubar da haƙora a burji. In akwai kibiya a jiki, tsaya kan mai faci ya ɗaura ta tana kallon inda taya ke juyawa, ya sa sabon tub, ya kuma duba robar da ke rufe kawunan sifok.