Na Mayar Da Busasshen Itace, Aka Ba Ni Sabo

Jama'ar gida, gaisuwa daga Rochester ta jihar New York, inda muke fama da rigar sanyi har watan Afrilu.

Bara na sayi dashen lailak, wani gajeren itace mai furanni shunayya, wanda ƙamshinsa ke tsallake katanga. Dala 40, kuma sai da na isa kanta aka ɗora haraji, abin da har gobe yake ba ni haushi a ƙasar nan. Hunturu ya wuce, na kowa ya tofo, nawa ya bushe ƙarau. Maƙwabciyata, wata dattijuwa, ta ce in tumɓuke shi in mayar. Na ɗauka zolayata take yi.

Haka na shiga shagon riƙe da busasshen icce da rasiɗi, na tanadi rantsuwa da dogon bayani. Yarinyar da ke kanta ta duba takardar, ta ce in je in zaɓi wani. Shi ke nan! Ba "wa ya sani ko ba ka ba shi ruwa ba", ba "oga ba ya nan, dawo jibi". Ashe garantin shekara guda ne a kansa. Na daɗe tsaye ina jiran a fara musu. A gida ka sayi fanka da safe ta ƙone da yamma, mai shago zai rantse bai taɓa ganin fuskarka ba, balle itace.

Mutanen nan sun ɗauki lailak da gaske. A lambun Highland Park akwai sama da 1,000, tun 1892 wani masanin shuke-shuke mai suna John Dunbar ya fara dasa su, kuma duk watan Mayu ana yi musu biki. Duk wannan hidima don furen da bai wuce mako biyu ba! Dattijuwar nan tana da littafi da take rubuta ranar da ganyen farko ya fito da ranar buɗewar fure, ta tura wa masana. Tun shekarun 1950 'yan sa-kai ke wannan aiki a Amurka, da shi ake gane ko ɗumi na saurin shigowa. Ita ta ja mini kunne cewa da fure ya kaɗe ake yi masa aski, don in an jinkirta an yanke na baɗi.

Mu fa? Kowane manomi ya san lokacin da gawo ke zubar da ganye, amma wa ya rubuta? Sai bikin dashen bishiya, a ɗauki hoto, awaki su cinye kafin Juma'a. Duk da haka, ranar da nawa ya buɗe, ƙamshin furen darbejiya da zafin bazara nake ta kewa.

Masu cewa in aiko musu da iri, ku yi haƙuri. Sai ya sha sanyin ƙanƙara na watanni yake fure, hunturun Kano ba zai ishe shi ba.