Soket a gidan da aka yi wa wayarin da alminiyam: me za ka saya?

Idan ka sayi tsohon gida a Amurka ko Kanada, wanda aka gina tsakanin 1965 da 1973, kafin ka canza ko soket ɗaya, leƙa rigar wayar a ƙarƙashin gida ko cikin silin. In ka ga an rubuta AL, to alminiyam ne. A waɗancan shekarun jan ƙarfe ya yi tsada, magina suka koma ga mai araha.

Wayar kanta ba ita ce matsalar ba, mahaɗar ce. Alminiyam yana kumbura in ya ɗauki zafi, ya tsuke in ya huce, fiye da jan ƙarfe, har noti ya saki a hankali. Ga kuma wata tsatsa da ke rufe shi wadda ba ta barin wuta ta wuce. Sai wurin ya riƙa zafi cikin bango, ba wanda ya sani. A 1974 gobara irin wannan ta kashe mutum biyu a Hampton Bays ta jihar New York. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta ce gidajen da aka yi wa irin wannan wayarin kafin 1972 sun ninka na jan ƙarfe sau 55 wajen haɗarin mahaɗa ta yi zafin da zai iya tayar da gobara.

Gyara mafi araha shi ne sa soket mai tambarin CO/ALR, wanda aka ƙera notinsa don ya riƙe alminiyam. Kada ka rikita shi da tsohon tambarin CU/AL, wannan bai wadatar ba. Amma ko CO/ALR ɗin, hukumar ba ta ɗauke shi cikakken gyara ba, domin fitilu da fankoki da sauran mahaɗu suna nan yadda suke. Kuma yawancin soket na zamani, masu katse wuta a banɗaki da kicin ko masu ramin cajin waya, jan ƙarfe kaɗai suke karɓa.

Nan ne dabarar ɗaura gutsuren jan ƙarfe a bakin alminiyam ta shigo, sai a haɗa soket da gutsuren. Abin tambaya shi ne da me za a ɗaura. Akwai wata hula mai launin shunayya da ake murɗawa a kan wayoyin. Tana ko'ina a shaguna, ga sauƙi, amma CPSC ba ta amince da ita a matsayin gyara na dindindin ba. Ni dai ba zan sa ta a ɗakin da yara ke kwana ba.

COPALUM ya fi kowa inganci: na'ura ce ke matse wayoyin biyu su zama kamar ƙarfe ɗaya. Sai dai ba a sayar wa kowa, sai ma'aikacin lantarki da kamfanin da ke ƙera ta ya horar, kuma a wasu garuruwa sai ka sha nema kafin ka samu ko ɗaya.

Ga yawancin mutane, AlumiConn ne tsaka-tsaki. Ƙaramin akwati ne, kowace waya da raminta da notinta, ba sa taɓa juna. Hukumar ta yarda da shi. Sharaɗinsa a ɗaure notin da sukudireba mai auna ƙarfi, ba da ƙiyasin hannu ba. Yana cin wuri, tsofaffin akwatunan bango kuwa ƙanana ne, wani lokaci sai an canza su.

In dama za ka fasa bango don gyaran gida, cire alminiyam ɗin gaba ɗaya ka sa jan ƙarfe. Kuma kafin ka biya kowa kuɗin aiki, kira kamfanin inshorar gidanka ka ji wane gyara suke karɓa, don wasu ba sa yarda da CO/ALR shi kaɗai.