Zaɓen gidan jinyar tsofaffi a Ingila: abin da iyali za su duba kafin su sa hannu

Babu Bahaushen da yake son a ce ya kai mahaifinsa ko mahaifiyarsa gidan kula da tsofaffi, kuma duk wanda ya yi hakan ya san irin maganganun da za su biyo baya daga 'yan'uwa na gida. Amma iyalan da ke zaune a Ingila, inda miji da mata duka suke fita aiki, sukan kai matakin da jinya ta fi ƙarfinsu, musamman idan tsohon ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko cutar mantuwa ta yi nisa har yana tashi cikin dare ya buɗe ƙofa ya fita. Domin irin waɗannan iyalan nake wannan bayani.

Da farko a san cewa gidajen iri biyu ne, ko da yake daga waje kamarsu ɗaya. Akwai gidan da yake taimaka wa tsoho da wanka, sa tufafi, cin abinci da shan magani, amma ba shi da nas a ciki, sai dai nas ta unguwa ta riƙa leƙowa. Akwai kuma gidan jinya sosai, wanda nas mai rajista take bakin aiki dare da rana. Idan tsohonku ya kwanta, ko ana ba shi abinci ta roba, ko yana da ciwon suga da ke buƙatar allura da sa ido, nau'i na farko ba naku ba ne, komai arharsa. Ɗauko mai jinya ta zauna da ku a gida yana da daɗin faɗa, amma mutum ɗaya ba zai iya juya babban mutum dare da rana ba tare da ya gaji ba. Su kuwa manyan gidajen nan masu kama da otal, da ɗakin kallon fim da shagon gyaran gashi, kuɗinku a kan gini da ado zai tafi.

Wanda nake fifitawa shi ne matsakaicin gidan jinya, wanda gadajensa ba su yi yawan da manaja za ta kasa sanin sunan kowane majinyaci ba, kuma ma'aikatansa sun daɗe a wurin. Dalilina shi ne jinyar tsoho aiki ne na sabo. Ma'aikaciyar da ta shekara uku tana yi wa Hajiya wanka ita ce za ta lura cewa yau ba ta gama shayinta ba, ko tana yamutsa fuska idan an taɓa ƙugunta, ko fitsarinta ya canza wari, alhali waɗannan ƙananan alamu su ne farkon ciwon da yake kai tsoho asibiti. Wadda kamfanin haya ya turo ta yi aikin dare ɗaya ba za ta ga ko ɗaya daga ciki ba, ba don mugunta ba, sai don ba ta san yadda Hajiyar take jiya ba. Saboda haka ku tambayi manaja kai tsaye: shekararta nawa a gidan, mutum nawa ne suka riƙe kujerar kafin ita a 'yan shekarun nan, ma'aikata nawa ne suke kwana a kowane hawa, kuma nawa ne daga cikinsu na haya. Manajar da ta san aikinta za ta amsa a tsaye ba tare da ta buɗe fayil ba. A irin wannan gida ne kuma ake samun sauƙin abubuwan da suka dame mu: abincin halal da aka dafa da gaske, ba a riƙa tura wa tsoho kifi da dankali kullum don gudun wahala ba, mace ta yi wa mace wanka da tsarki, a taimaka masa da alwala ko taimama, a nuna masa alƙibla, a kuma rubuta tun farko wanda za a kira idan rai ya yi halinsa, domin kada jana'iza ta yi jinkiri. Ku sa a rubuta duk wannan a cikin tsarin kulawarsa, domin alkawarin baka yakan tafi tare da wanda ya yi shi ranar da ya bar aiki.

Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, ita ce take duba gidajen Ingila, kuma tana ba su ɗaya daga matakai huɗu: koren tauraro ga wanda ya yi fice, kore ga mai kyau, ruwan ɗorawa ga mai buƙatar gyara, ja ga wanda ya gaza. Doka ta tilasta wa gida ya kafe sakamakonsa inda kowa zai gani. Ku karanta cikakken rahoton a intanet, musamman ɓangaren aminci da na shugabanci, amma ku fara da duba kwanan wata. A 2024 binciken da gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta yi ya nuna cewa hukumar ta yi rauni ƙwarai, akwai wuraren da aka yi shekaru ba a koma duba su ba, wasu ma ba a taɓa ba su sakamako ba. Koren da aka bayar shekara biyar da suka wuce, a ƙarƙashin wata manajar da ta daɗe da tafiya, ba ya faɗa muku komai game da yau. Wanda yake Sikotilan ko Wales kuwa, hukumominsu daban ne.

Ma'aunin da na fi dogara da shi shi ne fatar majinyaci. A wani gida da ba zan ambaci sunansa ba, gwaggona ta samu gyambon kwanciya a gindin bayanta, bai fito fili ba sai da ya rufta, alhali takardar da ke jikin gadonta tana nuna ana juya ta a kan lokaci. Wannan gyambo yana da matakai huɗu, daga canjin launin fata har zuwa ramin da yake kai wa ga nama da ƙashi, kuma yakan fito ne a gindin baya, dunduniya da kwatangwalo. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ce a juya babban mutum mai haɗarin kamuwa aƙalla duk awa 6, mai babban haɗari kuwa duk awa 4. Abin da ya shafe mu musamman shi ne an saba koyar da ma'aikata su nemi ja a fata, a baƙar fata kuwa jan ba ya bayyana, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri idan an taɓa. Ku tambayi nas yadda suke gane farkon gyambo a jikin baƙar fata. Idan ta yi shiru ko ta kama kame-kame, ku gode mata ku kama hanya. Ku tambayi irin katifar da suke da ita, ko akwai mai iska, da kuma sau nawa suke auna nauyin majinyata, tunda rama da gyambo tare suke tafiya.

Sai batun yaudara, wanda ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ziyarar da aka sa muku rana shiryayya ce: an goge ƙasa, an ƙaro ma'aikata, an zaunar da tsofaffin da suka fi kuzari a falo. Ku koma ba tare da sanarwa ba, da yammacin Lahadi ko lokacin cin abinci, ku tsaya a baranda ku ji tsawon lokacin da ƙararrawar kira take yi kafin wani ya amsa, ku ga ko akwai ruwan sha inda hannun majinyaci zai kai, ku ga ko an ɗauke faranti cike da abinci daga gaban wanda ba ya iya ɗaga cokali. Wari mai ƙarfi na turaren fesawa ya fi warin fitsari tayar mini da hankali. Idan kun ga yawancin tsofaffi suna gyangyaɗi da hantsi, bakinsu a sake, ku tambayi mutum nawa ne ake ba maganin kwantar da hankali kuma wa yake sake duba shi, domin rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan magunguna suna jawo ƙarin mutuwar masu cutar mantuwa kimanin 1,800 a shekara. Takardar juya majinyaci da aka cike ta dare da rana da rubutun hannu ɗaya da biro ɗaya, a zaune aka cike ta. Wannan ba zargi ba ne kawai: a gidan Orchid View da ke West Sussex, na kamfanin Southern Cross wanda ya durƙushe a 2011, mai binciken mutuwa ya yanke hukunci a 2013 cewa sakaci ya taimaka wajen mutuwar mutum 5, kuma an ji shaidar lalata takardun magani don ɓoye kuskure. Yabon da ake gani a shafukan intanet sau da yawa gidajen ne suke roƙon iyalai su rubuta, masu nemo muku gida kyauta kuma la'adarsu daga gidan take fitowa. Sunan nas ana iya duba shi kyauta a rajistar NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista.

Kan kuɗi ma akwai tarko. Kafin komai ku nemi ƙaramar hukumarku ta auna buƙatun tsohon, haƙƙinsa ne a dokar kulawa ta 2014 kuma ba a biyan ko sisi. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta gano a 2017 cewa masu biya da kansu suna biyan abin da ya ɗara na ƙananan hukumomi da kimanin kashi 41 cikin ɗari a gida ɗaya. Idan lalurar ta rashin lafiya ce mai tsanani, ku matsa a duba ko ya cancanci NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ta ɗauki nauyin gaba ɗaya, domin ba kowane gida ne zai tuna muku ba. A yarjejeniya, ku karanta yadda ake ƙara kuɗi duk shekara, da dalilan da za su iya sallamar majinyaci, da kwanakin da za a ci gaba da cajin ɗaki bayan rasuwa, wanda hukumar kula da gasar kasuwanci ta ce a ƙa'ida kada ya wuce kwana 3. Kada ɗa ko 'ya su sa hannu a matsayin mai tsaya wa bashi, ko mai cike giɓin da ke tsakanin kuɗin gidan da abin da ƙaramar hukuma take biya, sai sun nuna wa lauya ko ofishin ba da shawara takardar. Idan matsala ta taso bayan an shiga, a fara da rubuta ƙorafi ga manaja a ajiye kwafi, a sanar da sashen kare manya na ƙaramar hukuma idan akwai rauni ko sakaci, sannan a kai ga ofishin sauraren koke na ƙananan hukumomi da kula da jama'a, wanda yake karɓar ƙarar masu biya da kansu ma.