Cikin tagwaye: hoton farko ko na wata biyar?

Masu cikin tagwaye na yawan tambaya: in kuɗin hoton ciki (sikanin) ɗaya ne a hannu, a yi shi da wuri ko a bari sai an iya ganin jinsi?

Hoton mako 11 zuwa 14 bai cika nuna namiji ko mace ba, shi ya sa ake raina shi. Amma a lokacin ne likita ke gane ko kowane jariri na da tasa mabiyiya ko guda ɗaya suke rabawa, ta hanyar duba tushen tantanin da ke tsakaninsu. Masu mabiyiya ɗaya jijiyoyin jininsu a haɗe suke, ɗaya na iya janye jinin ɗan'uwansa. Irinsu ana duba su duk mako biyu daga mako na 16, masu mabiyiya biyu kuwa duk mako huɗu daga na 20.

Hoton mako 18 zuwa 22 ya fi nuna zuciya, kashin baya da jinsi. In Hassan da Hussaina ne, kusan tabbas mabiyiya biyu ce, hankali ya ɗan kwanta. In jinsinsu ɗaya, sai an sha wuya kafin a gane mabiyiya nawa ce, domin mabiyiya biyu kan manne su zama kamar ɗaya.

Hoto na biyun na buƙatar ƙwararren hannu.

Wadda ta fara awo da wuri, a ganina ta riƙe na farkon. Wadda ta haura wata huɗu ta nemi na biyun, ta kuma tambayi mabiyiya nawa ce kafin ta tambayi jinsi.