GITEX na Legas ko DevFest na Kano: wanne ya fi dacewa da mai shiru-shiru?

Ƙanena, ka ce shekararka biyu kana rubuta manhaja, hayaniya tana gajiyar da kai, kuma kuɗin da ka tara taro ɗaya za su kai ka bana: ko babban taron fasaha na GITEX a Legas, ko ƙaramin taron masu rubuta manhaja na DevFest na nan Kano. Mutane da yawa sun ce maka ka je ƙaramin tunda kai mai kunya ne. Ni ma ƙaramin zan ce, amma dalilina daban ne da nasu.

Abin da ke damunka ba kunya ba ce. Mai kunya yana son magana, nauyin baki ke hana shi. Irinmu kuwa muna iya magana sarai, sai dai kowace hira tana cin cajinmu kamar waya mai tsohon batir, kafin la'asar mun ɗauke. Ba ciwo ba ne. Tun 1921 masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya bayyana irin wannan ɗabi'a. Saboda haka kada ka auna tarukan nan da yawan jama'a, ka auna su da irin maganar da kowanne zai sa ka yi.

GITEX baje koli ne. A Dubai aka fara shi a 1981, ya shigo Afirka ta birnin Marrakesh na Maroko a 2023, sannan aka yi na Najeriya na farko a Satumban 2025, a Abuja da Legas, da hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa. Kamfanoni da masu zuba jari da jami'an gwamnati aka gina wa shi, rumfa na bin rumfa. Abin da masu ba ka shawara ba su lura da shi ba, irin wannan wuri ya fi sauƙin ɓuya. Kamar Kantin Kwari ne ana jajibirin Sallah: ba wanda ya san ka, ba wanda ya damu da kai, kana iya yini kana zagaye ba ka ce wa kowa uffan ba. Sai dai ranar da ka buɗe baki, hirar ta minti biyu ce a tsaye, “me kake yi?”, a yi musayar LinkedIn (dandalin sada zumunta na harkar aiki), idon mutumin yana kan wanda ke bayanka. Irin hirar da ta fi shanye mu ke nan. Na taɓa zuwa wani babban taro irin wannan, na dawo da jaka cike da takardun talla da biro da riga, amma babu mutum ɗaya da zan iya kira washegari.

DevFest kuwa ƙungiyoyin GDG (masu rubuta manhaja da ke amfani da fasahar Google) ne ke shirya shi a garuruwansu, Kano da Kaduna da sauransu, a watannin ƙarshen shekara, kuma 'yan sa kai ne ke riƙe da shi. Nan babu wurin ɓuya. Tun daga bakin ƙofa za ka haɗu da ɗan ajinku, da malamin da ya koya maka Java, da yayan abokinka, kowanne da haƙƙinsa na gaisuwa: ina kwana, ya aiki, ya mutanen gida, kwana biyu ka ɓuya. Kafin a yi addu'ar buɗewa rabin cajin ya tafi. In ka sulale waje don ka sha iska, waya za ta biyo ka, “ina ka shiga ne?” A wannan fannin GITEX ya fi, ba musu.

Abin da ya rinjayar da ni shi ne zaman aiki, inda ake buɗe kwamfutoci ana bin darasi tare. Na kusa da kai nasa ya ƙi tashi, sai ya leƙo, “Malam, naka ya yi?” Shi ke nan hira ta fara, kuma idanunku duka suna kan allo, ba wanda ke kallon fuskar wani. Ba ka buƙatar ƙirƙiro abin faɗa, matsalar da ke gabanku ita ce abin faɗar. Minti talatin kuna neman waƙafi ɗaya da ya ɓace a rubutun manhaja ya fi katin suna hamsin, don wanda kuka sha wuya tare zai tuna ka ranar da ya ji ana neman mai aiki. Kuma garinku ɗaya, mako mai zuwa kuna iya haɗuwa wajen mai shayi.

Lokacin sallah ma ya bambanta. A Legas wurin sallah shi ne ƙaramin taro a cikin babba. A layin alwala ake gane juna, sallama kaɗai ta isa ta buɗe hira. A Kano kusan zauren gaba ɗaya ke tashi, don haka hutun sai bayan an idar, ka ɗan zauna da lazimi. Ban ce ka mai da masallaci maɓoya ba, amma ba a katse mai tasbihi.

Batun kuɗi ba ya son dogon bayani. Legas kusan kilomita 1,000 ce daga Kano, awa ɗaya da rabi a jirgi, ga masauki, ga cunkoson motoci. Ribar da za ka ci ita ce ɗakin otal kai kaɗai da daddare. DevFest kuɗin adaidaita sahu ne, in ma akwai tikiti bai taka kara ya karya ba.

Da a ce kana da manhajar da ka gama kana neman mai saye ko mai zuba jari, da na ce Legas, da sharaɗin ka rubuta wa mutum uku ko huɗu tun kafin ka tashi ku tsayar da lokacin ganawa. Kai kuwa har yanzu koyo kake, abokan aiki kake nema.

To ka yi rajistar DevFest, ka kuma rubuta wa masu shiryawa cewa kana son aikin sa kai, ko teburin rajista ko haɗa kwamfutar masu jawabi da majigi. Mai aiki a hannu ba a tambayarsa me ya sa ya yi shiru. In sun ce sun cika, ka tafi da ekstenshan mai baki shida ka zauna kusa da soket. Kafin azahar su da kansu za su zo su same ka.